Yadda Ake Sassaƙa Ƙananan Fuli da Sauran Katakan Igiya na Jirgin Ruwan Ado

Duk wanda ya taɓa haɗa ɗan ƙaramin jirgin ruwa na katako, irin na da mai tafiya da iska, ya san gangar jirgin ba ita ce wahala ba. Yaron kafinta mai natsuwa zai fitar da ita cikin mako guda. Inda ake gane gwani shi ne wajen igiyoyi, da 'yan mitsi-mitsin katakan nan da igiyoyin ke ratsawa ta cikinsu. Mu nan Zariya ruwanmu bai wuce Kubanni da Galma ba, kuma in ka shiga kasuwar Sabon Gari kana neman fulin jirgi mai tsawon milimita 5, kallon mai taɓin hankali za a yi maka. Dole ka yi abinka da hannunka.

Abubuwa uku za mu yi. Na farko fuli, wato kwanson katako mai ɗan taya a ciki wanda igiya ke hawa, kamar wanda ake ratayawa a bakin rijiya don jan guga. Turawan Ingila bulok suke ce masa, amma in na ce bulok a nan sai wani ya kawo mini bulon siminti, don haka na tsaya a fuli yadda makanikai ke faɗa. Na biyu wani faifan katako ne mai huda uku da ake ɗaure igiyoyin da ke riƙe da jigon jirgi da shi, jigo kuwa shi ne dogon sandan nan da ke tsaye a kan jirgin. Sunansa na Turanci yana nufin mataccen ido, ni kuwa mai-ido-uku nake ce masa. Na uku turke, ɗan sandan da ake naɗe ƙarshen igiya a jikinsa.

Kada ka raina yawansu. A Portsmouth ta ƙasar Ingila, sai da Marc Brunel ya tsara injina 45, Henry Maudslay ya ƙera su, don fuli kawai. A shekarar 1808 suna fitar da guda 130,000 a shekara, mutum 10 suna yin aikin da a da sai mutum 110. Kai ba ka da injin Brunel, amma dabarar da ya bi ita za ta cece ka: kada ka yi ɗaya ka gama sannan ka kama na biyu. Aiki iri ɗaya za ka yi wa guda ashirin a jere, sannan ka wuce zuwa na gaba.

Awo daga igiya yake farawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sassaƙa fuli gwargwadon abin da yatsunsa za su iya riƙewa. Sai ka ga jirgi ya yi kyau, amma fulin da ke jikinsa in an mayar da shi girmansa na gaske ya kai turmin daka. Ƙa'idar tsofaffin matuƙa ita ce tsawon fuli ya kai kamar sau uku na zagayen igiyar da za ta shiga cikinsa. A lura, zagaye suke aunawa, ba kauri ba. Igiya mai zagayen inci 4 fuli mai inci 12 take so.

To ka ce jirginka ma'aunin 1:64 ne, wato kowane abu an rage shi sau 64. Inci 12 milimita 305 ne, ka raba da 64, ka sami 4.8, mu ce milimita 5. Igiyar kuwa kaurinta na gaske ya kai milimita 32, a jirginka ta koma zare mai kaurin rabin milimita. In ma'auninka 1:48 ne, wannan fulin zai zama milimita 6 da 'yan kai. Jirgi irin Victory, wanda aka saka a ruwa a 1765 ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, yana da fuli girma-girma daban-daban, amma ga mai koyo girma uku sun wadatar: milimita 3, 4 da 5. Da na 5 za mu yi misali. Tsawo 5, faɗi 4, kauri 2.5 zuwa 3. In mai taya biyu ne sai kaurin ya kai 4.

Itacen da zai yi da wanda ba zai yi ba

A nan mutane da yawa ke faɗuwa tun ba a fara ba. Su je wajen 'yan katako su roƙi guntun maɗaci ko afara. Maɗaci yana da kyau a ƙofa da kujera, amma jikinsa ramuka ne, a girman ƙwayar masara ramin nan ɗaya ya isa ya tsage maka aiki. Afara da malaina laushi ya yi musu yawa, huda ba ta fita tsaf, sai gashi-gashi. Darbejiya ma ka bar ta.

Abin da ake nema itace ne mai tauri, mai jiki a curkushe, wanda in ka yanka da reza wurin zai yi santsi kamar sabulu. A Turai da itacen fiya irin tasu ta can da wani rawayan itace da ake yin rular kafinta mai naɗewa suke amfani. In ka sami tsohuwar rula irin wannan ta karye, ka tsinci dami a kala. Amma namu na gida ba su gaza ba. Reshen lemu, na zaƙi ko na tsami, shi na fi so, launinsa rawaya-rawaya ne kuma yana karɓar huda. Gwaiba tana biye da shi. Kanya tana da kyau ga mai-ido-uku. Ƙirya da tsamiya taurinsu ya wuce misali, za su cinye maka bakin reza kafin ka yi guda goma.

Akwai kuma aduwa, wadda ake sassaƙa allo da ita. Wani dattijo mai sayar da alluna a cikin birni ne ya nuna mini wannan hanya. Na tsaya ina jujjuya allo ina duba jikinsa, ya ce, "Malam, karatu za a koma ne da furfura?" Na ce, "A'a Baba, jirgin ruwa zan yi." Ya daɗe yana kallona, sannan ya zaƙulo wani daga ƙasa ya ce, "To ɗauki wannan, ya fi shekara a nan, ya gama bushewa." Gaskiyarsa, allo ya riga ya zo a shimfiɗe, rabin aiki an yi maka. Sai dai sabo za ka saya, wanda ba a taɓa rubutu a kansa ba.

In ɗanyen reshe ka sara, ka tsaga shi gida huɗu, ka cire ɓargon tsakiya, ka ɗiga kyandir a bakunan biyu, ka ajiye a inuwa wata uku zuwa shida. Kada ka shanya shi a rana, musamman da hunturu. Iskar Disamba ta Zariya da ke tsaga leɓe da diddige haka take yi wa ɗanyen itace.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Bakin zarton ƙarfe, reza ko wuƙar aiki mai kaifi, ƙaramin magagari mai kusurwa uku, sanfefa lamba 220 da 400, rular ƙarfe, hantsaki, da diril na hannu ko na batir. In ka sami ma'aunin kauri mai baki irin na masu gyaran inji, ka huta da cankar awo. Masu gyaran waya na unguwar PZ a nan Zariya su ne abokan shawararka wajen hantsaki mai tsini da gilashin ƙara girma.

Abin huda mai kaurin milimita 0.6 shi ne mai wuyar samu, kuma ko ka samu ba ya jimawa yake karyewa. Yi naka. Ɗauki allurar ɗinki, ka karya tsininta kaɗan, ka goga bakin a dutsen wasa wuƙa ta gefe biyu har ya yi faɗi kamar bakin sukundireba. Ka soka ɗaya ƙarshen cikin guntun sanda da ɗigon gam. Da yatsu biyu ake murza ta. Allura mai tsini tsaga itace take yi don tura shi gefe take, wadda aka fere kuwa yanka take yi tana fitar da gari.

Fuli, mataki-mataki

Ka fara fitar da doguwar sanda, tsawon kamar taƙi ɗaya, faɗi milimita 4, kauri 3, jijiyar itacen tana bin tsawonta. Da zarto za ka yanko ta da ɗan rara. Don ta daidaita, manna ƙarafa biyu masu kaurin milimita 3 a kan katako mai santsi, ka kwantar da sandar a tsakaninsu, ka goga da sanfefar da aka manna a faffaɗan katako. In ka ji sanfefa ta fara cin ƙarfe, kauri ya yi. Ka juya ka yi wa faɗin haka da ƙarafa masu milimita 4. Wannan matakin ba daɗi, amma duk karkatar da ka bari a nan za ta bi kowane fuli har jikin jirgi.

Yanzu sandar tana da fuska huɗu, biyu masu faɗi, biyu sirara. Riƙe wannan da kyau, don a nan ake juya abu. A tsakiyar fuskokin nan masu faɗi za ka ja ɗan kwari daga farkon sanda har ƙarshenta. Nan ne igiyar da ke ɗaure fuli za ta kwanta. Ka ja layi da rula da bakin reza tukuna, sannan ka bi shi da kusurwar magagari sau uku ko huɗu. Zurfin bai kamata ya wuce rabin kaurin zare ba.

Sai alama. Kowane milimita 6 ka ja layi da fensir mai tsini ya zagaye sandar: 5 na fuli, 1 na bakin zarto.

Huda kuwa a siririyar fuska ake yin ta, ta ratsa faɗin nan na milimita 4 ta ɓullo ɗaya gefen. Dalili shi ne a fulin gaske tayan yana tsaye ne tsakanin kumatu biyu masu faɗi, igiya ta shigo ta gefe ta hau kansa ta fita ta ɗaya gefen. Na taɓa yin guda talatin na huda su ta faffaɗar fuska, sai da na zo zura zare na ga ya ci karo da igiyar ɗauri. Duk na zubar. Kowane fuli huda biyu za ka yi masa, ɗaya milimita 1.5 daga sama, ɗaya haka daga ƙasa. Ka fara dangwala wurin da tsinin allura don kada bakin ya zame. Ka huda rabi daga nan, ka juya ka huda rabi daga can su haɗu a tsakiya. In ka ce za ka ratsa gaba ɗaya daga gefe guda, jijiyar itace za ta ja bakin, ya fito a karkace.

Tsakanin hudojin biyu sai ka kwarzane ɗan kwari, ka ɗan zagaye bakinsa yana gangarawa cikin kowace huda. Abin da ya rage a tsakiya shi ido zai ɗauka a matsayin taya. A wannan girman ba wanda ke sa taya mai juyawa sai mai neman suna. Ga fuli mai milimita 3, huda ɗaya ta sama da ɗan kwari a ƙarƙashinta ta isa.

Har yanzu ba ka yanke ko ɗaya ba, kuma kada ka yi garaje. Muddin fuli yana jikin sanda kana da mariƙi. Da ya rabu da ita ya zama ƙwayar hatsi, sai dai ka bi shi da hantsaki. Don haka ka sa magagari a kan kowane layin fensir ka ci shi ta fuska huɗu, kana karkata hannu dama da hagu don kafaɗun su zagaye. Can za ka ga sandar ta koma kamar carbi, kowace ƙwaya tana riƙe da 'yar'uwarta da ɗan wuya. Ka bi kusurwoyin da sanfefa. Siffar da ake nema ta ɗan yi kama da ƙwallon dabino da aka gajarta, ba murabba'i ba, ba kuma ƙwallo ba.

Sannan ka yanke na bakin sanda, ka goge kan, ka ja kwarin ɗauri ya haye ta sama da ƙasa ya haɗu da na kumatu. A cikin faranti mai zurfi ake wannan yanka, da farin ƙyalle a shimfiɗe. Wanda ya yi tsalle ya faɗa ƙasa ka yi masa addu'a kawai.

Saura gogewar ƙarshe. Sami gwangwanin madarar gari mai murfi, ka manna sanfefa lamba 220 a cikinsa har da gindi da murfin, ka zuba su ka yi ta girgizawa. Wannan aikin yara ne, ka ba su su yi ta kaɗawa kamar caki, amma ka riƙa buɗewa bayan 'yan mintoci kana dubawa, don in ya wuce kima sai ka tarar da tsakuwoyi. Kuma ka san inda za ka ajiye su bayan nan. Na taɓa baza guda arba'in a faifai a tsakar gida na shiga ɗauko mai, na fito na tarar da kazar maƙwabta a kai tana aiki. Goma sha ɗaya na tsira da su.

Mai-ido-uku

Shi wannan zagayayye ne, don haka juyi yake so. Faɗinsa kamar rabin kaurin jigon da yake riƙewa ne. A ma'aunin 1:64, milimita 5 ga na babban jigon ƙasa da 3 ga na ƙaramin jigon da ake ɗorawa a samansa ba za su ba ka kunya ba. Kaurinsa ya ɗan haura rabin faɗinsa.

Fere sanda ta kusa zagaye, ka ɗaura ta a bakin diril, ka daure diril ɗin a jikin tebur. Tana juyawa kana riƙe da sanfefa a naɗe har ta kai milimita 5 daidai. Kada sandar da ta fito daga bakin diril ta wuce tsawon yatsa, in ta yi tsawo rawa take yi.

Hudojin uku su ne fuskar abin, in ɗaya ya kauce kowa zai gani. Zamansu kamar duwatsun murhu ne, kowane yana tsakanin tsakiya da baki. Kada ka dogara da ido, yi ma'auni sau ɗaya ka huta. Huda rami mai milimita 5 a guntun katako, ka manna ɗan gwangwani a kansa ya rufe ramin, ka huda ramuka uku a gwangwanin da natsuwa. In ba su yi ba ka ɓamɓare ka sake, ko sau biyar ne. Daga nan sai dai ka cusa kan sandar ta ƙasa ka huda ta cikin ramukan. Zurfin guda biyu kawai za ka huda a lokaci ɗaya, in ka zarce bakin zai fara yawo.

Mayar da sandar kan diril. Ka zagaye fuskar ta ɗan yi tudu, ka sa kusurwar magagari milimita 1.5 daga baki ka ci kwarin da igiya za ta kewaya, sannan ka yanke a milimita 3 tana juyawa a hankali. Tara tafin hannu a ƙasa. Ɗaya fuskar da hannu za ka goge ta.

Bibbiyu suke aiki, ɗaya a sama a ƙarshen igiyar jigo, ɗaya a ƙasa a gefen jirgi, siririn zare yana kai-kawo a tsakanin idanunsu. Na sama idonsa guda yana kallon sama, na ƙasa nasa yana kallon ƙasa, ido bibbiyun suna fuskantar juna. Don tazarar ta zama ɗaya a duk jerin, lanƙwasa guntun waya kamar ƙusar littafi, ka maƙala a idanun na sama da na ƙasa kafin ka ɗaure igiyar. Jeri ɗaya da ya hau ya sauka ya isa ya ɓata gefen jirgi gaba ɗaya.

Turke

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Tsinken sakace na gora ya fi na katako, don ko ya sirance ba ya karyewa da wuri. Sa shi a diril, ka ci shi da magagari: tsawo milimita 7 zuwa 8, kashi ɗaya cikin uku na sama mariƙi ne mai ɗan ciki, sauran siriri kamar milimita 0.6. Ka tallafe shi da yatsa ta baya yayin da kake ci. Mafi yawan waɗanda ake gani a jiragen ado sun yi ƙiba, kamar taɓarya.

Launi da ɗauri

Fuli launin itacensa ake bar masa. Ɗan kakin zuma ko ɗigon mai ya isa. Ka guji fenti mai ƙyalli, yana toshe huda kuma yana sa abu ya yi kama da roba. Mai-ido-uku kuwa baƙi-baƙi ne, don shi da igiyoyin da ke riƙe jigo kwalta ake shafa musu saboda ruwan gishiri. A nan sana'ar majema da dukawa ta yi mana rana. Jiƙa bagaruwa a ruwan zafi, ka tsoma su su sha na ɗan lokaci, ka tsame su bushe. Sannan ka tsoma su a ruwan da tsofaffin ƙusoshi suka kwana biyu a ciki da ruwan lemun tsami. Kana kallo za su rine, don sinadarin bagaruwa in ya haɗu da ƙarfe baƙi yake bayarwa. Rinin yana shiga jikin itacen ne, ba ya zama a kai, saboda haka huda ba ta cikewa. Ka gwada da guda biyu tukuna, kowane itace da yadda yake karɓa.

Zare ba matsala ba ne a garin da ake ɗinkin hula da aikin babbar riga. Ka nemi mai murɗi sosai, ka ja shi ta cikin kakin zuma sau biyu don gashin ya kwanta. Na ɗaure fuli ya zama baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, wanda ke gudu a cikinsa kuma ruwan ƙasa mai haske. Wajen ɗauri, ka zura allura a hudar ka kafe ta a katako don fuli ya tsaya, ka kewaya zare ta cikin kwari, ka haɗa bakin biyu a sama, ka naɗe su da siririn zare sau biyar ko shida. Ɗigon farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa ya isa ya riƙe. Inda ake son ɗaurin ƙarfe, siririyar wayar tagulla daga masu naɗin kwayil ɗin fanka tana yi, ka ɗan ƙona ta a wuta ta yi laushi ta yi duhu.

Gam mai kamawa nan take wuri ɗaya yake da amfani: ka dangwala a bakin zare, ya bushe, ka yanke shi a karkace da reza, ya zama allurar kansa. Kafin ka zura, ka sake bin kowace huda da abin huda don fitar da kaki. Ka kuma tabbata igiya ta hudar da ke kusa da inda aka rataye fulin take shiga, ta kwanto kan taya ta sauko, ba ta hudar ƙasa ba.